TARIHIN MAKO: Kicin Ɗin Haya Da Idon Jama'a



A taronmu na ƙungiya na watan jiya, wata 'yar uwa ta ce ta tara girke-girken kakarta har sun kusa cika littafin rubutu biyu. Burinta ta mayar da su littafi, ta kuma riƙa ɗaukar bidiyo tana nuna yadda ake yin su. Abin da ya hana ta farawa shi ne a gidan haya take zaune, kicin ɗinta ɗan lungu ne, bangon ya sha hayaƙi. Ta ce, "In na nuna shi dariya za a yi mini." Nan take wani ya ba ta shawara ta ari kicin ɗin wata mai hali, ta ɗauka a can, ta bari mutane su zaci nata ne. Wannan shawara ce ta sa na koma tarihi, domin marubutan girki sun daɗe suna fama da wannan tambaya.

Misalan da zan kawo daga Faransa da Amurka da Birtaniya suke. Abincinsu ba irin namu ba ne, wasu girke-girken ma akwai giya da naman alade a ciki. Aikin rubutun muke dubawa, da abin da ya same su bayan sun buɗe wa jama'a ƙofa.

Littafin da aka rubuta a gidajen haya

A ƙarshen shekarar 1948 wata Ba'amurkiya mai suna Julia Child ta sauka Faransa tare da mijinta Paul, wanda aka tura aiki ofishin jakadancin Amurka a Paris. Tana da shekara 36, kuma a lokacin ba ta iya girkin a-zo-a-gani ba. Suka kama haya a saman wani tsohon bene mai lamba 81 a titin Université. Gidan akwai sanyi, kicin ɗin yana can hawa na sama, sai an sauko da abinci ƙasa kafin a ci. Julia doguwa ce, ƙafa 6 da inci 2, murhu da teburan wurin duk sun yi mata gajarta. Tunda gidan ba nata ba ne, haka ta riƙa sunkuyawa.

A 1949 ta shiga makarantar koyon girki ta Cordon Bleu. A 1952 ita da wasu Faransawa mata biyu, Simone Beck da Louisette Bertholle, suka fara koya wa matan Amurkawa girki a wannan kicin ɗin haya. Su ukun suka kuma ɗauki aikin rubuta littafin da zai koya wa uwargidan Amurka girkin Faransa da kayan da take iya samu a kasuwar garinsu.

Aikin ya ci kusan shekara goma. Ana ta sauya wa Paul wurin aiki: daga Paris zuwa Marseille, daga nan zuwa Jamus, sai Washington, sai Oslo. Duk inda suka sauka a Turai, Julia sai ta kwance tukwanenta a sabon kicin ta ci gaba daga inda ta tsaya. Takan maimaita girki ɗaya sau da yawa har sai ma'auninsa ya tsaya. Da ta lura garin fulawar Amurka ya bambanta da na Faransa, sai ta riƙa gwaji da na Amurkan. Takan kuma aika wa 'yan uwa da ƙawaye a gida su gwada su faɗa mata inda suka ruɗe.

Duk da haka kamfanin ɗab'i na Houghton Mifflin ya ƙi littafin, ya ce ya yi yawa, ya yi nauyi ga mai karatu. Sai ya faɗa hannun wata matashiyar edita a kamfanin Knopf, Judith Jones. Ita ba ta tsaya a karatu ba, ta kai rubutun gida ta girka abin da ke ciki, ta ga ya fito yadda aka ce zai fito. A 1961 aka buga shi da suna Mastering the Art of French Cooking, ɗauke da girke-girke 524. Babu wanda ya tambayi marubutan ko kicin ɗin da suka yi aiki nasu ne ko na haya. Abin da aka gwada shi ne ma'auni.

Da kyamara ta shigo

Littafi yana ɓoye bango, kyamara ba ta ɓoyewa. A watan Fabrairun 1963 gidan talabijin na WGBH da ke Boston ya fara nuna shirin Julia mai suna The French Chef. A kicin ɗin aro aka fara ɗaukarsa, kuma saboda ƙarancin kuɗi ba a cika yanke kuskure ba. A wani shiri na dankali ta zo juya abin da ke cikin kasko, wani ɓangare ya zube a kan murhu. Ta kwashe ta mayar, ta gaya wa masu kallo cewa in mutum shi kaɗai ne a kicin ai ba mai gani. Ga shi kuwa dubban mutane na kallonta. Maimakon wannan ya zubar da ita, sai ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake tuna ta da su, domin mace mai tsoron ɓata girki ta ga malamar ma tana ɓatawa ta gyara.

Sai a gidansu na kansu da ke Cambridge a jihar Massachusetts, wanda suka tare a 1961, Julia ta samu kicin daidai tsawonta. Paul ya ɗaga teburan zuwa inci 38 maimakon 36 da aka saba, ya kafa allo a bango ya zana siffar kowace tukunya a inda za a rataye ta. A shekarun 1990 aka mayar da kicin ɗin wurin ɗaukar shiri, aka kafa sandunan fitilu a rufi, aka ɗauki jerin shirye-shirye uku a ciki. A 2001 ta ba da shi kyauta ga gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington, inda mutane ke zuwa kallonsa. Ku lura da jerin: aikin ya riga kicin ɗin zuwa. Sai da littafi ya kammala sannan aka ɗaga tebur.

Julie Powell: wadda ta buɗe ƙofa gaba ɗaya

Shekara 41 bayan fitowar wancan littafi, a watan Agustan 2002, wata sakatariya 'yar shekara 29 a New York mai suna Julie Powell ta ɗaukar wa kanta alkawari: za ta girka duka girke-girke 524 ɗin cikin kwana 365, ta riƙa rubuta abin da ya faru a shafinta na intanet. A ɗan ƙaramin gidan haya take zaune da mijinta a unguwar Long Island City. Da rana tana ofis, da dare tana gaban murhu, sau da yawa sai dare ya yi nisa kafin su ci abinci.

Julie ba ta ɓoye komai ba. Ta rubuta girkin da ya lalace, da kukan da ta yi, da faɗan da suka yi da mijinta, har da ranar da ta tarar da tsutsotsi a ƙarƙashin wurin kife kwanuka. Ta ma faɗa cewa kafin wannan aiki ba ta taɓa cin ƙwai haka kawai ba. Masu karatu suka yi ta ƙaruwa, wasu har suna aiko mata da gudummawar kuɗin cefane. A 2003 jaridar New York Times ta yi labarinta, a 2005 littafinta Julie & Julia ya fito, ƙaramin kicin ɗin ma yana cikin cikakken sunan littafin. A 2009 aka yi fim ɗinsa, Amy Adams ta fito a matsayin Julie, Meryl Streep a matsayin Julia.

Amma idon jama'a ba yabo kaɗai yake kawowa ba. Suka mafi zafi ta fito daga wadda Julie ta fi girmamawa. An kai wa Julia Child rubutun tun tana raye, kuma waɗanda suka san ta, ciki har da Judith Jones, sun bayyana cewa ba ta ɗauki aikin da muhimmanci ba. A ganinsu yarinyar ta fi ba da labarin kanta da ashar ɗinta a kan abin da ta koya daga tukunya. Julia ta rasu a watan Agustan 2004 ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Na biyu ya fi wannan tsanani. A ƙarshen 2009, watanni kaɗan bayan fim ɗin, Julie ta fitar da littafi na biyu mai suna Cleaving, kan yadda ta koyi fawa, ta kuma zayyana cin amanar aure da ya shiga tsakaninta da mijinta. Mutanen da suka so ta saboda ba ta ɓoye tsutsar kicin ɗinta ba, da yawansu suka juya mata baya da ta nuna musu uwar ɗaka. Masu sharhi suka bar littafin suka koma shari'ar halinta. Ba ta sake fitar da wani littafi ba har ta rasu a watan Oktoban 2022 tana da shekara 49.

Kicin ɗin aro da kicin ɗin gaske

Ga misalai biyu daga Birtaniya da suka shafi shawarar da aka ba 'yar uwarmu kai tsaye. A 2007 BBC ta nuna shirin Nigella Express na fitacciyar marubuciyar girki Nigella Lawson. Jaridu suka tono cewa kicin ɗin da ake gani ba na gidanta ba ne, har motar bas ɗin da aka nuna ta a ciki hayarta aka yi aka zuba mutane. Masu shirin suka kare kansu da cewa haka aka saba a shirin nishaɗi. Gaskiya ne abin bai karya ta ba, littafin ya yi kasuwa sosai. Sai dai ita ta riga ta yi suna, tana da littattafai a bayanta. Sabon marubuci ba shi da wani jari sai amanar mai karatu, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Shekara 5 bayan haka, a 2012, BBC ɗin ta nuna The Little Paris Kitchen na Rachel Khoo, 'yar Birtaniya da a lokacin take zaune a wani ɗaki mai faɗin murabba'in mita 21 a unguwar Belleville a Paris. Murhunta kai biyu ne da ɗan ƙaramin abin gashi. Lokacin da take rubuta littafinta, ta riƙa gayyatar baƙi biyu-biyu su ci abinci a ɗakin su faɗa mata ra'ayinsu, ta haka ta gwada girke-girkenta. Ƙanƙantar wurin da wani zai ji kunyarsa ita ta zama sunan littafin da na shirin.

Abin da na ɗauka

Cikin waɗannan mata huɗu babu wadda ƙaramin kicin ya kayar. Wadda aka tuhuma, kan nuna abin da ba haka yake ba aka tuhume ta. Wadda ta ji jiki kuwa, ta nuna abin da ya wuce tukunya ne. Saboda haka ga mai son fara irin wannan aiki a gidan haya, ina ganin abubuwa uku.

Na farko, gwada girkinki har ma'auni ya tsaya, ki ba wata da ba ta san shi ba ta bi rubutunki ita kaɗai. In ta ce "ɗan gishiri" bai gaya mata komai ba, ki koma ki auna. Wannan shi ne aikin marubuci, kuma risho ɗaya ya isa a yi shi.

Na biyu, abin da za ki nuna ya zama naki. A share, a goge, a matso kusa da taga don haske, amma kada a ce na wata naki ne.

Na uku, ki ja iyaka tun kafin ki kunna kyamara. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gidan haya kuma ba sirrinki kaɗai ke cikinsa ba: akwai mai gidan da ya kamata a nemi izininsa kafin a huda bango ko a canja fenti, akwai maƙwabciyar da za ta gifta da tsintsiya ba ta shirya shiga bidiyo ba, akwai yaran mutane, akwai ƙofar gidan da bai kamata baƙo ya gane ta ba. Magana zarar bunu ce, bidiyo kuwa ya fi ta wuyar dawowa.

Ga 'yar uwarmu mai littafin kakarta: Yaya, bangon nan mai hayaƙi a gabansa aka koyi girkin, kada ki jira ki gina gida.

Tambayar wannan mako ga sauran 'yan uwa: a rubutunku, ko na girki ne ko na labari, a ina kuke ja iyaka tsakanin abin da ya kamata mai karatu ya sani game da ku da abin da ya kamata ya tsaya a gida? Allah Ya ƙara mana basira, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.