Hikayar da Ba Ta da Ƙurunƙus

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tatsuniya, komai tsawonta, tana da ƙurunƙus, ƙissa kuma, komai daɗinta a bakin mai wa'azi, tana da inda take tuƙewa a shafa fatiha. Amma a ƙasar Amurka an ƙago wani nau'in hikaya wanda sharaɗinsa na farko shi ne kada ya ƙare, ana ba da shi gutsure-gutsure da rana tsaka, daga Litinin zuwa Juma'a, ga matan aure da ke gida suna fama da wanki da girki, har aka sami guda mai suna Guiding Light wanda ya fara a rediyo ranar 25 ga Janairu 1937, ya koma talabijin a 1952, bai kuwa rufe baki ba sai ranar 18 ga Satumba 2009, watau shekara 72, adadin da ya zarce ajalin da yawa daga cikin waɗanda suka saurari muƙaddimarsa. Mutanen can suna kiran wannan irin wasa da sunan da ma'anarsa ita ce wasan sabulu. Da fari sunan na ba'a ne, alhali kuwa gaskiya ce tsantsa a cikinsa, domin attajiran sabulu ne suka biya kuɗinsa, su ne kuma galibi suka mallake shi, kamar yadda mutum ke mallakar gona da abin da ta tsirar.

Asalin al'amarin tijara ce. A farkon shekarun 1930, lokacin da karayar tattalin arziki ta durƙusar da Amurka, gidajen rediyo ba su ɗauki sa'o'in hantsi da azahar a bakin komai ba, suna ganin magidanta sun fita nema, saboda haka suke sayar da su da araha; sai kamfanin Procter & Gamble na birnin Sinsinati ya lura cewa wadda aka bari a gida ita ce mai sayen sabulu, kuma matar da ta saba kunna rediyo kullum a sa'a guda domin ta ji abin da ya sami wata tsohuwa, lalle za ta ji sunan garin sabulu sau biyar a mako ba tare da an tilasta mata ba. Ta haka aka sami wasan Ma Perkins a 1933, ana tallar sabulun Oxydol da shi. Tsohuwar nan mai sayar da katako, wadda miliyoyin mata suka ɗauka tamkar uwa, wata matashiya ce mai suna Virginia Payne take yin muryarta, wadda idan za ta fita gaban jama'a sai an ɗora mata furfurar aro da tabarau, ta kuma riƙe wannan amana shekara 27, fitowa 7,065, har zuwa Nuwamba 1960 da aka rufe wasannin rediyo na ƙarshe.

Masana'antar tun tana jaririya ta rabu mazhaba biyu. Ta farko ita ce ta Frank Hummert da matarsa Anne, masu kamfanin talla, waɗanda suka mai da talifi tamkar aikin masaƙa: su biyu suke tsara ƙashin labari daga gidansu, sa'an nan a raba wa marubutan ijara su cika shi da zance, a biya su kowane fasali da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba a kuwa ɗaukaka sunansu. Ta biyu ita ce ta mace guda, Irna Phillips, wadda a ganina duk wanda zai yi wa wannan tarihi adalci dole ya dakata a kanta. An haife ta a Shikago a 1901, auta cikin 'ya'ya goma na wani gidan Yahudawa, mahaifinta ya rasu tana da shekara takwas, ta yi koyarwa a jihar Ohayo, sa'an nan a 1930 ta shiga gidan rediyon WGN inda ta rubuta Painted Dreams, wanda akasarin masu tarihi suke ƙirgawa a matsayin na farko. Da ta nemi a sayar da shi ga tashoshin ƙasa baki ɗaya aka ƙi, ta yi iƙirarin cewa nata ne, shari'a ta ɗauki shekaru, alƙalai kuma suka ba gidan rediyo gaskiya. Wannan hukunci shi ne tushen mu'amalar da ta biyo baya: mai alƙalami yana haifa, mai kuɗi yana raɗa suna.

Yadda take aiki abin al'ajabi ne. Ba ta zama ta rubuta. Tsaye take tana kai da komo a ɗaki, tana sauya murya daga ta tsoho zuwa ta budurwa, tana kuka inda ake kuka, sakatariyarta Rose Cooperman tana ɗauka kamar almajirin da shaihinsa ke yi wa imla'i, har aka ƙiyasta cewa a wasu shekaru kalma miliyan biyu take fitarwa. Ita ce ta daidaita dabarun da suka zama rukunan wannan fasaha, irin su kiɗan molo na coci da ke ratsa tsakanin fage da fage, da cika labari da likitoci da lauyoyi domin su ne masu shiga asirin gidaje, da tsayar da zance daidai inda rai ya rataya. Mai karatu zai tuna da Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya, wadda take katse hikaya da ketowar alfijir domin ta tsira da wuyanta. Haka marubutan nan suke katse tasu ranar Juma'a domin a dawo Litinin, gama yarjejeniyar 'yan wasa da ta masu talla zango-zango take na mako 13, kowane zango kuma yana iya zama na ƙarshe. Guiding Light kansa daga raunin zuciyarta ya fito, domin a ƙuruciyarta, bayan ta yi rashin jariri, ta sami natsuwa a wa'azin wani limamin coci na Shikago, Preston Bradley, shi ya sa ta gina labarin a kan wani mai wa'azi da ke barin fitila a tagarsa domin duk mai damuwa ya san akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Da talabijin ya zo, yunƙurinta na farko a 1949, These Are My Children, bai wuce 'yan makonni ba. Amma ranar 2 ga Afrilu 1956 ta fito da As the World Turns, ta kuma nace sai an ba ta minti 30 maimakon 15 da aka saba, domin ta fahimci cewa na'urar hoto tana iya tsayawa a kan fuska ta karanta abin da baki bai furta ba. Sai ta rage gudun labari har ya zama mutum biyu na iya shafe fasali guda a kan kofin gahawa, masu kallo kuwa, bayan ɗan jinkiri, suka ɗora shi a kan gaba na kimanin shekara 20. Wahalar da ke bayan labule a wannan zamani ta cancanci a faɗe ta. Kai tsaye ake watsa wasan daga Niyok, babu damar gyara; ɗan wasa yakan yi haddar shafukansa da dare, ya yi bita da safe, ya fito da azahar, kafin la'asar an miƙa masa na gobe, haka sau wajen 260 a shekara, babu hutun bazara irin na wasannin dare. Wanda ya manta kalma sai abokin fagensa ya rufa masa asiri. Wanda ya kwanta ciwo sai a sa wani a madadinsa, mai sanarwa ya faɗa wa jama'a a taƙaice, kamar yadda shahararriya Joan Crawford ta tsaya wa 'yarta Christina a The Secret Storm a 1968, tana dattijuwa tana fitowa a matsayin matashiya. Irna kuwa daga Shikago take kallo, ana gamawa ta ɗaga waya, tana kiran 'yan wasa da sunayensu na cikin labari. Helen Wagner, mai fitowa a matsayin Nancy Hughes a As the World Turns, Irna ta taɓa korar ta bayan wata shida saboda yadda take zuba gahawa bai yi mata ba, aka maido ta, ta kuwa riƙe matsayin har rasuwarta a 2010.

Kamar kowane ilmi, wannan ma yana da silsila. A hannun Irna aka yaye William Bell, mai The Young and the Restless na 1973, da Agnes Nixon, wadda na fi ganin girmanta saboda abin da ta yi a 1962. Wata ƙawarta ta rasu da ciwon daji, sai ta ƙudurta za ta sa wa Bert Bauer, uwar gida a Guiding Light, ciwon dajin mahaifa domin mata su je a duba su da wuri. Gidan talabijin da masu sabulu suka amince da kyar, bisa sharaɗin kada a ambaci sunan cutar, ko mahaifa, ko sunan gwajin, ita kuwa ta isar da saƙon da kinaya da ishara har aka gane. A 1968, cikin One Life to Live, ta kawo labarin Carla Gray, baƙar fata mai hasken jiki da ke rayuwa a matsayin farar fata, a lokacin da maganar launi take ƙuna a Amurka. Waɗanda suka raina waɗannan wasanni, tun daga likitan ƙwaƙwalwa Louis Berg da ya yi da'awa a 1942 cewa suna tayar wa mata da bugun zuciya, ba su lura cewa da rana ake faɗin abin da wasannin dare suke jin nauyinsa ba.

Ganiyar kasuwa ta zo a Nuwamba 1981, lokacin da mutum wajen miliyan 30 suka kalli ɗaurin auren Luke da Laura a General Hospital, wasan da Gloria Monty ta karɓa a 1978 yana gab da mutuwa ta farfaɗo da shi da saurin tafiya da ɗanɗanon matasa, ko da yake soyayyar an gina ta ne a kan fyaɗe, abin da har yau nake ganin tabo ne a sana'ar. Daga nan sai gangara: mata suka fita aiki, tashoshi suka yawaita, shari'ar O. J. Simpson ta 1995 ta cinye sa'o'in rana na watanni har al'adar kallo ta yanke, kuma daga wasanni 19 a 1970 aka koma huɗu a 2012.

Irna ba ta ga wannan ba. A 1973 Procter & Gamble ya sallame ta daga As the World Turns, wasan da ta haifa, ta kuma rasu a Disamba na wannan shekara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne makomar aikin nata da na dubban da suka yi hidima tare da ita, domin wanda aka watsa kai tsaye ya bi iska, wanda aka naɗa kuma galibi an goge faifan an sake naɗa wani a kai saboda tsadarsa, kamfanin bai fara adanawa sosai ba sai wajen ƙarshen shekarun 1970, ta yadda ɗan abin da ya saura na shekarun farko bai fi tsintuwa ba. Cikin abin da ya tsira akwai fasalin As the World Turns na ranar 22 ga Nuwamba 1963. Helen Wagner tana zaune a falo tana tattaunawa da surukinta na cikin labari a kan wanda za a gayyata cin abincin bikin godiya, sai da misalin ƙarfe 1:40 hoton ya ɗauke, muryar Walter Cronkite ta sanar cewa an harbi Shugaba Kennedy a Dalas. Ba wanda ya shiga ɗakin ɗauka ya gaya wa 'yan wasan, saboda haka suka ci gaba da karanto haddarsu a gaban na'ura, fage bayan fage, har suka kai ƙarshen shafin wannan rana.