Yadda Tsiro Yake Kama Ƙarfin Rana, da Yadda Ake Tattalinsa

Duk abu mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su sai da madubin bincike. Kowace ƙwaya tana bukatar ƙarfi domin ta yi aikinta. Asalin wannan ƙarfi kuwa rana ce.

Ganye ne madafar tsiro

A cikin ƙwayoyin ganye akwai wani koren sinadari mai suna kulorofil. Shi ne yake kama hasken rana. Saiwa tana jawo ruwa daga ƙasa, ganye kuma yana shaƙar iskar kabon ta wasu ƴan ƙofofi da ke jikinsa. Da ƙarfin haske tsiro yake haɗa su ya yi sukari, sannan ya saki iskar oksijin wadda muke shaƙa. Masana suna kiran wannan aiki fotosintesis. A shekarar 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa ganye ba ya sakin wannan iska sai a cikin haske.

Abin da ya yi saura na sukarin, tsiro yana ajiye shi. Gero da dawa suna ajiyewa a tsaba. Albasar Galmi, a gundumar Malbaza, tana ajiyewa a kanta, domin kan albasa gindin ganye ne da ya cika da abinci. Idan ka yanke lawashi da wuri, ko ƙwari suka lalata shi, kan ba zai yi girma ba.

Haka kuma idan ruwa ya yanke, ƙofofin ganye suna rufewa, sai haɗa sukari ya tsaya. Shi ya sa manomin rani a fadamar Birnin Ƙwanni ba ya wasa da ranar ban ruwa. Gawo kuwa abokin manomin Illela ne, domin yana zubar da ganyensa da damina, bai cika tare wa gero haske ba.

Numfashin ƙwayoyin halitta

Ƙarfin da ke cikin sukari ba ya amfani sai an saki shi. Kowace ƙwaya tana sarrafa sukari da oksijin a hankali, kamar wutar da ba ta da harshe. Daga nan ƙarfi yake fita, tare da ruwa da iskar kabon da ɗan zafi. Tuwon da ka ci, ta wannan hanya yake zama ƙarfin riƙe hauya. Tsiro ma yana wannan numfashi dare da rana, har saiwarsa. Saboda haka ruwan da ya daɗe kwance a gona yana shaƙe saiwa.

Abin lura ga mai ajiya

Amfanin gona yana ci gaba da numfashi bayan girbi, yana cin abincin da ya tara. Zafi da laima suna ƙara wa numfashin sauri, nauyi ya ragu, kuɗi su ragu. Don haka:

1. Ka daina ban ruwa idan wuyan albasa ya fara kwantawa, ka bar ta ta sha iska kafin ka sa ta a rudu.
2. Rudu ya kasance mai inuwa, iska tana ratsa shi. Ka riƙa fitar da albasar da ta tsira ko ta ruɓe.
3. Hatsi ya bushe sarai kafin ya shiga rumbu.
4. Busasshen wake ka ɗaure shi tam a buhun PICS mai riɓi 3. Ƙwarin da ke ciki suna shanye oksijin, su daina ci, daga baya su mutu, ba tare da magani ba.

Ka kula da ganye a gona, ka rage zafi da laima a wurin ajiya, wahalarka ba za ta tafi a banza ba.