Zoben Joseph Smith: Matsalar Mafarin Ruhi a Muhawarar 'Yan Mormon da Masu Shakkar Addini

Tsakure

Wannan maƙala ta duba jayayyar da ake yi tsakanin mabiya ɗariƙar Mormon da masu shakkar addini a kan ruhi da makomarsa bayan mutuwa. Ta nuna cewa hujjar da masu shakka suka fi ɗaukowa, wato ta yadda abin da ba shi da jiki zai iya motsa jiki, ba ta shafi wannan ɗariƙa kai tsaye ba, domin a wurinsu ruhi ma abu ne mai jiki. Abin da dawwamar ruhi ta dogara a kansa a koyarwar Joseph Smith shi ne cewa ruhi ba shi da mafari, kuma a kan wannan batu ne malaman cocin suka rabu gida biyu. Wanda ya bi fassarar da ta fi yaɗuwa a cikinsu ya ba abokin jayayyarsa makami da hannunsa.

Gabatarwa

Cocin Yesu Kiristi na Waliyyan Zamanin Ƙarshe, wanda aka fi sani da Mormon, an kafa shi a jihar New York ta Amurka a ranar 6 ga Afrilu, 1830. Koyarwarsa kan lahira ta sha bamban da ta sauran Kiristoci tun da wuri. A watan Fabrairu 1832, a garin Hiram na jihar Ohio, Joseph Smith, wanda ya kafa cocin, da abokinsa Sidney Rigdon suka ce an nuna musu masarautu uku na ɗaukaka, kusan kowane ɗan Adam zai sami gurbi a ɗaya daga cikinsu, sai 'yan ƙalilan da za a jefa cikin duhun waje. A 1840 kuma Smith ya sanar da yin baftisma a madadin matattu. Mai shakka ba ya ɓata lokaci a kan yawan masarautun. Tambayarsa ta riga wannan: mene ne ma yake saura bayan ƙwaƙwalwa ta daina aiki, har a kai shi wata masarauta?

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Mafi yawan abin da masu suka suka rubuta ya tsaya ne a kan neman inda Smith ya samo tunaninsa. Fawn Brodie, a littafinta No Man Knows My History na 1945, ta danganta wasu ra'ayoyinsa da littafin Thomas Dick kan rayuwar gobe. D. Michael Quinn (1987) da wasu sun nuna kamannin masarautun uku da sammai ukun da Emanuel Swedenborg ya siffanta a 1758. John Brooke (1994) ya bi sawu har cikin tsofaffin al'adun sihiri da alkimiyya na Turai. Aiki ne mai amfani ga tarihi, amma ba ya yanke hukunci kan gaskiya ko ƙarya. Ko da an tabbatar Smith ya karanta Dick daga bango zuwa bango, maganar cewa ruhi ba shi da mafari tana nan tana jiran a gwada ta.

Saɓanina ya fi girma da ɗaya ɓangaren, wato masu kare cocin da ke cewa aƙidarsu ta fi kowace dacewa da kimiyya. Wannan layi ya faro da ƙarfi daga John A. Widtsoe, masanin kimiyyar noma wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manzanni goma sha biyu na cocin. A littafinsa Joseph Smith as Scientist na 1908, ya yi ƙoƙarin daidaita koyarwar Smith kan ruhi da wani abu marar ganuwa da masana fiziks na ƙarni na 19 suke kira ether, wanda suke zaton ya cika sararin samaniya. Abin takaici gare shi, gwajin Michelson da Morley na 1887 ya riga ya girgiza wannan zato, aikin Einstein na 1905 kuma ya sa ba a buƙatarsa sam. Duk da haka salon bai mutu ba. Har yau a kan ji mai kare aƙidar yana ambaton duhun abu na sararin samaniya ko wata sabuwar ƙwayar zarra a matsayin gidan da ruhi zai iya fakewa. Sterling McMurrin (1965) da Terryl Givens (2015) sun fi taka-tsantsan, kuma sun bayyana tsarin tunanin yadda ya kamata, sai dai dukansu sun fi sha'awar nuna bambancinsa da Kiristancin gargajiya fiye da auna shi da hujjar wanda bai yarda da komai ba.

Hanyar Bincike

An karanta nassoshin cocin na kundin Doctrine and Covenants, musamman sashe na 76, 88, 93 da 131, da huɗubar Smith ta 1844 da aka sani da huɗubar King Follett, da ƙasidar malamin cocin Orson Pratt ta 1849. An jera su a gaban hujjoji biyu na masu shakka, tsohuwa ta Lucretius da sabuwa ta Sean Carroll, don a ga wacce ta ci, wacce ta kuskure.

Ruhi Mai Jiki

A 1643 Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta tambayi masanin falsafa Descartes yadda ruhi marar tsawo da faɗi zai iya tura jiki. Tun daga nan wannan tambaya ta zama sandar masu shakka. Ɗan Mormon zai saurare ta ya gyaɗa kai, domin shi ma haka yake tambaya. A watan Mayu 1843 Smith ya koyar cewa babu wani abu da yake wanzuwa ba tare da jiki ba, ruhi ma jiki ne, sai dai ya fi laushi da tsarki, kuma idon da ya tsarkaka ne kaɗai ke iya ganinsa. Da wani mai wa'azi a Ingila, T. W. P. Taylder, ya soki wannan ra'ayi, Orson Pratt ya mayar masa da martani daga Liverpool a 1849 da ƙasidar Absurdities of Immaterialism, inda ya ce abin da ba ya cin wuri, ba ya da sashe, ba ya cikin lokaci, to ba komai ba ne, kuma mai bauta masa da wanda ya ƙaryata Allah suna ne kawai ya raba su. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ƙwarai ba, don Ibnul Ƙayyim a Kitabur Ruh ya tafi a kan cewa ruhi jiki ne mai laushi da ke ratsa gaɓoɓi. Bambancin, kamar yadda za a gani, shi ne a wurinsa ruhi halitta ne.

Kuɓuta daga tambayar Elisabeth tana da farashi. Duk abin da yake da jiki, yake kuma tura ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya shigo filin awo. Carroll, masanin fiziks, ya kafa wannan hujja a 2011: dokokin da ke tafiyar da ilektron da sauran ƙwayoyin jikin mutum an san su sosai, kuma da akwai wani ƙarfi na daban da ke juya su da gwaje-gwaje sun kama shi. Amsar da ake bayarwa ita ce jikin ruhi ya fi ƙarfin na'ura. To idan ya yi laushin da ba na'urar da za ta ji shi, da me yake taɓa ƙwaƙwalwa? A nan kalmar laushi tana yin aikin da rashin jiki yake yi wa Descartes, Pratt kuma ya koma ramin da ya haƙa wa Taylder. Wannan hujja mai ƙarfi ce, amma ta tsaya ga alaƙar ruhi da jiki a wannan rayuwa. Batun dawwama yana wani wuri.

Zoben da Ba Shi da Baki

Lucretius, mawaƙin Rum na ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, ya yarda ruhi jiki ne mai laushi, kuma daga nan ya yanke cewa dole ya mutu: abin da aka harhaɗa daga ƙwayoyi zai warwatse. Kiristancin gargajiya ya kauce wa wannan ta hanyar cewa ruhi ba shi da sassa da za su rabu. Smith ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Me ya rage masa?

Amsar tana cikin huɗubar da ya yi a garin Nauvoo ranar 7 ga Afrilu, 1844, ƙasa da wata uku kafin a kashe shi a kurkukun Carthage. Ta'aziyya ce ga iyalan wani ɗan coci, King Follett, wanda guga cike da duwatsu ya faɗo masa yana aikin rijiya. A gaban dubban mutane Smith ya zare zoben hannunsa ya kwatanta shi da ruhin mutum. Zobe ba shi da farko, don haka ba shi da ƙarshe. In ka yanke shi ka ba shi farko, ka ba shi ƙarshe ke nan. Ya ce masu koyar da cewa Allah ya halicci ruhi daga babu sun ba masu cewa mutuwa ƙarewa ce gaskiya ba tare da sun sani ba. Wannan ya yi daidai da abin da ke sashe na 93 tun 1833, cewa hankalin da ke cikin mutum ba a halicce shi ba, ba kuma za a iya halittarsa ba.

Abin lura shi ne Smith ya karɓi ƙa'idar mai shakka gaba ɗaya: duk mai mafari yana da ƙarshe. Bai yi gardama da ita ba, ya fitar da ruhi ne daga cikin masu mafari. Ke nan duk ginin lahirar Mormon, da masarautunsa uku da auren har abada da baftismar matattu, a kan wannan magana ɗaya yake tsaye.

Matsalar ta taso bayan rasuwarsa. A zamanin magajinsa Brigham Young koyarwa ta kafu cewa ruhohi 'ya'ya ne da Uba da Uwa na sama suka haifa, kuma sanarwar shugabancin cocin ta 1909 kan asalin ɗan Adam ta tabbatar da haka. Haihuwa kuwa mafari ce. Malamin cocin B. H. Roberts ya ga tsagar, kuma a maƙalarsa ta 1907 ya yi ƙoƙarin ɗinke ta da matakai uku: akwai hankali mai sanin kansa wanda bai taɓa rashin wanzuwa ba, sai a haife shi cikin jikin ruhi, sai a haife shi cikin jikin nama. Charles W. Penrose bai yarda ba, daga baya kuma Bruce R. McConkie, a littafinsa Mormon Doctrine na 1958 da ya shiga gidaje da yawa, ya ɗauki hankalin nan a matsayin ɗanyen kayan da ake tsara ruhohi daga gare shi, ba wani mutum mai sanin kansa ba. Cocin bai yanke hukunci a hukumance tsakanin fassarorin biyu ba.

A ganina wannan shiru ya fi duk abin da masu shakka suka faɗa nauyi. Idan McConkie ne da gaskiya, abin da ba shi da mafari kayan gini ne, ni kuwa da nake magana ina da ranar da aka fara ni. Lucretius ba zai yi musun ko kalma ɗaya ba, shi ma ya ce ƙwayoyi ba sa ƙarewa, mutum ne ke ƙarewa. An yanke zoben ke nan, kuma da ƙa'idar Smith kansa abin da aka tsara zai iya rushewa. Mai wannan ra'ayi zai iya cewa Allah ya yi alkawarin ba zai bari ya rushe ba. Magana ce da za a iya riƙewa, amma ta koma dogaro ga nufin Allah kamar sauran Kiristoci da Musulmi, ta bar hujjar da Smith ya yi alfahari da ita a Nauvoo.

Idan kuma Roberts ne da gaskiya, zoben ya tsira, sai dai wata tambayar Lucretius ta biyo baya: in ruhi ya daɗe kafin haihuwa, me ya sa ba ya tuna komai? 'Yan Mormon suna amsawa da labulen mantuwa, wanda aka saka domin duniya ta zama wurin jarrabawa. Amsar ta dace da tsarinsu, amma ta buɗe wani abu. Ta amince cewa mutum zai iya rasa dukan tunaninsa, da harshensa, da sanin waɗanda ya sani, a ce har yanzu shi ne. To me ya sa ya zama shi? Ba tunawa ba ce, tunda an ɗauke ta. Ba jikin ruhi ba ne, tunda shi ma daga baya ya zo. Saura hankali tsura wanda ba a faɗi siffarsa ba, ba a ce yana da sassa ko ba shi da su ba. In yana da sassa, hujjar warwatsewa ta dawo. In ba shi da su, ya yi kama ƙwarai da ruhin Descartes da Pratt ya yi wa dariya. Pratt ya nemi mafita a 1851 da cewa kowace ƙwayar zarra tana da nata hankali da ikon motsa kanta, amma shugabancin cocin ya yi tir da wasu rubuce-rubucensa a 1865, kuma ba a bi shi a kan wannan hanya ba.

Wannan ba ya nufin mai shakka ya gama cin nasara. Ƙa'idar cewa duk mai mafari yana da ƙarshe ba tabbatacciya ba ce a hankalce, zato ne da aka ɗauko daga abin da ido ya saba gani. Ɗan Mormon zai iya watsar da ita ya huta. Abin da ba zai iya ba shi ne ya riƙe ta don sukar masu cewa an halicci ruhi daga babu, sannan ya sake ta idan aka juyo da ita kan haihuwar ruhohi.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa huɗubar King Follett ba ta cikin littattafan da cocin ya ɗauka nassi, kuma abin da ya iso gare mu an harhaɗa shi ne daga rubutun mutum huɗu da suka saurare ta, don haka mai son kauce mata yana da hanya. Binciken ya tsaya ga rubuce-rubuce, bai tambayi mabiya ba, alhali mafi yawansu, a Utah ko a Aba inda aka buɗe haikali a 2005, suna jingina imaninsu ne ga abin da suke kira shaidar zuciya, wadda hujjar zobe ba ta ƙara ta ba ta rage ta. Haka nan ba a taɓo yadda aka yi amfani da aƙidar rayuwa kafin haihuwa wajen hana baƙar fata muƙamin firist har zuwa 1978 ba, bayanin da cocin ya nesanta kansa da shi a 2013. Wannan batu na buƙatar maƙalarsa daban.