Sabon Tarihi na Zosimus

Sabon Tarihi littafi ne da Zosimus ya rubuta da Girkanci a birnin Kustantiniyya, wajen shekarar 500, zamanin sarki Anastasiyus. Marubucin tsohon lauyan baitulmalin sarki ne, kuma ya riƙe addinin gumaka na kakanninsa a lokacin da Kiristanci ya riga ya mamaye fada. Ya ce masanin tarihi Folibiyus ya ba da labarin yadda Rumawa suka mallaki duniya cikin shekara 53, shi kuma zai nuna yadda suka ɓarar da ita cikin ɗan lokaci.

A ganinsa, daular ta lalace ne domin an juya wa alloli baya. Wanda ya fi shan suka shi ne sarki Kustantin. Zosimus ya zarge shi da ƙin gudanar da babban bikin ƙarni, da janye sojoji daga kan iyaka zuwa cikin birane inda suka sangarce, da ɗora wa 'yan kasuwa haraji mai nauyi. Ya kuma ce sarkin ya karɓi Kiristanci ne don neman gafara bayan ya sa an kashe ɗansa Kirisfus da matarsa Fausta a 326. Wannan zargi bai tsaya da ƙafarsa ba, domin tun 313 Kustantin yake fifita Kiristoci.

Inda littafin ya fi armashi shi ne ƙawanyar da Alarik, sarkin Gotawa, ya yi wa birnin Roma a 408. Yunwa da annoba suka ci mutane, har aka amince da fansa: laba 5,000 ta zinariya, laba 30,000 ta azurfa, da laba 3,000 ta masoro, ban da tufafin alharini. Da kuɗi suka gaza, aka kwashe adon gumaka, aka narke wasunsu, ciki har da gunkin Jarumta. Zosimus ya ce daga ranar ragowar mazantakar Rumawa ta mutu.

Ba mai zurfin bincike ba ne. Ya kwafi marubutan tarihi Yunafiyus da Olimfiyodoros kusan yadda ya same su, shi ya sa janar Sitiliko ya fara fitowa a matsayin azzalumi, can gaba kuma ya koma mutumin kirki, daidai inda marubucin ya sauya madogara. Amma da yake littattafan mutanen biyu sun salwanta sai gutsattsari, wannan kwafin ya zama alheri ga masu nazari.

Littafin kashi 6 ne, ya yanke a 410, gab da faɗuwar Roma a hannun Alarik. Kwafi guda ne ya tsira aka samo sauran daga gare shi, yana ɗakin karatu na Vatikan, kuma shafukan da suka ƙunshi mulkin sarki Diyokletiyan sun ɓace daga cikinsa.