Falsafar Emerson da Thoreau: Mene ne Ginshiƙanta?

Falsafar da ake kira transcendantalisme da Faransanci tafiya ce ta tunani da adabi wadda ta taso a yankin Boston na Amurka a shekarun 1830. Tushenta shi ne cewa kowane mutum yana da basira a zuciyarsa da zai iya riskar gaskiya kai tsaye, ba sai ta hannun shugaban addini ko hukuma ba. An aro sunan ne daga masanin falsafar Jamus Immanuel Kant, kuma yana nufin sanin da ya ƙetare abin da ido ke gani ko kunne ke ji.

Yadda ta faro

Jagoranta shi ne Ralph Waldo Emerson (1803-1882), limamin coci a Boston wanda ya ajiye limanci a 1832 saboda zuciyarsa ba ta natsu da wata ibadar cocin ba. A 1836 ya fitar da littafinsa Nature, kuma a shekarar ne shi da abokansa suka fara zaman tattaunawa. A 1838 ya yi jawabi ga ɗaliban addini na jami'ar Harvard, inda ya soki wa'azin da ake maimaitawa babu rai a cikinsa. Kusan shekara 30 ba a sake gayyatarsa jami'ar ba. Mujallarsu, The Dial, ta fito daga 1840 zuwa 1844, kuma Margaret Fuller ce ta fara shirya ta.

Ginshiƙai huɗu

Na farko shi ne basira. A wancan zamani yawancin malamansu na bin ra'ayin John Locke na Ingila, cewa duk ilimi daga gaɓoɓi yake shigowa. Su kuwa suka ce sanin Allah da bambance nagarta da mugunta suna zuwa ne ta ilhama.

Na biyu shi ne halitta. A wajensu daji da kogi da taurari alamu ne masu nuni ga Mahalicci, kuma ruhi ɗaya ne ya game mutum da sauran halittu. Don ya gwada wannan, Henry David Thoreau (1817-1862) ya koma bakin tafkin Walden kusa da garin Concord ranar 4 ga Yuli 1845, cikin ɗakin da ya gina da hannunsa kan kusan dala 28. Ya zauna shekara biyu da wata biyu yana noman wake, sannan ya ba da labarin zaman a littafin Walden na 1854, inda ya nuna cewa mai tara kaya da rayuwarsa yake biyan kuɗinsu.

Na uku shi ne dogaro da kai. A wata maƙala ta 1841 Emerson ya gargaɗi mutum kada ya bi ra'ayi don kawai jama'a sun bi shi. Fuller ta ɗora a kai cikin littafinta na 1845, ta ce mace ma tana da wannan basira, don haka ta cancanci ilimi da kowace irin sana'a.

Na huɗu shi ne fifita gaskiya kan dokar zalunci. A watan Yuli na 1846 Thoreau ya kwana ɗaya a kurkuku saboda ya ƙi biyan kuɗin kai, irin harajin da Faransa ta ɗora wa kakannin mutanen Malanville da Gaya a zamanin mulkin mallaka. Hujjarsa ita ce ba zai tallafa wa gwamnatin da ta halatta bautar da mutane, take kuma yaƙar Meziko ba. Maƙalar da ya rubuta a kai ta fito a 1849, kuma masu karatun Faransanci sun san ta da La Désobéissance civile.

Alaƙarta da Gabas da Afirka

Waɗannan marubuta sun karanta littattafan addinin Indiya da waƙoƙin Farisa. Emerson ya fassara baitocin Hafiz daga Jamusanci, ya kuma rubuta gabatarwa ga fassarar Gulistan na Sa'adi a 1865. Wanda ya tashi cikin Ƙadiriyya ko Tijjaniyya zai ji kamar ya san batun hasken zuciya da gudun duniya. Amma akwai babban bambanci: sufaye suna tafiya ne ƙarƙashin wahayi da shari'a da jagorancin shehu, Emerson kuwa bai yarda wani littafi ko malami ya zama hukunci na ƙarshe a kan zuciya ba.

Gandhi ya karanta maƙalar Thoreau yana Afirka ta Kudu, Martin Luther King ya karanta ta yana ɗalibi. Malam Aminu Kano, jagoran NEPU da aka kafa a 1950, ya yi nazarin hanyar Gandhi ta bijire wa zalunci ba tare da makami ba.

Sukar da ake yi mata

Masu suka na tambaya: idan zukata biyu suka saɓa, kowace na iƙirarin ilhama, wa zai raba gardama? Wasu kuma na ganin ta ɗaukaka mutum guda fiye da dangi da al'umma. Gonar haɗin gwiwa ta Brook Farm, da George Ripley ya kafa a 1841 bisa wannan tunani, ta rushe a 1847 bayan bashi da gobara. Tafiyar ta yi sanyi kafin yaƙin basasar Amurka na 1861, amma har yau masu kare muhalli da masu fafutukar haƙƙin ɗan'adam suna kafa hujja da littattafanta.