Riƙon tsohuwar motar Ingila a gida: abin da MG Midget ke buƙata a zafin Jimeta da danshin Kudu

'Yan'uwanmu da ke sana'ar gwangwan a Legas da Ibadan da Fatakwal sukan ci karo da wata ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, a yashe a bayan wani tsohon gida, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ciki. Yawanci a kilo ake sayenta, a sassare ta. Irin wannan motar nake riƙe da ita a Jimeta, MG Midget ƙirar 1972, kuma kusan duk gyaranta a tsakar gida nake yi. Na rubuta wannan ne don wanda irinta ta faɗo hannunsa ya san abin da ya samu kafin ya kira mai yankan ƙarfe, ya kuma san abin da za ta nema a wurinsa idan ya ce zai tashe ta.

An ƙera Midget a garin Abingdon na Ingila daga 1961 zuwa 1979. Tagwayenta ita ce Austin-Healey Sprite, jiki ɗaya, suna ne kawai ya bambanta. Yayarta MGB ta fito a 1962, kishiyarsu kuma Triumph Spitfire. Abin da ya fi shafar mai gyara shi ne injin. Daga farko har 1974 injin da ake kira A-Series ne a ciki, mai cc 948, sai 1098, sai 1275. Dangin injin nan ne a cikin Morris Minor, wadda dattawa ke tunawa tana tasi a biranen ƙasar nan, da kuma Mini. Saboda haka tsohon bakaniken da ya taɓa Moris Maina a ƙuruciyarsa ba baƙo ba ne a wurinta. Daga 1974 aka koma injin Triumph mai cc 1493, kuma wasu awon da zan kawo a ƙasa ba su shafe shi ba. Tawa 1275 ce, a kanta zan yi magana.

Kafin komai, duba gefen da sitiyari yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Motocin Ingila da suka shigo kafin nan sitiyarinsu a dama yake, kuma dokar hanya ta yanzu ba ta yarda da irinsu a titi ba. An ƙera Midget masu yawa da sitiyari a hagu saboda kasuwar Amurka, don haka kayan juyawa suna nan, amma aiki ne na kuɗi, ka sa shi cikin lissafi tun wajen ciniki. Ka nemi takardu kuma, ka gwada lambar jikin mota da wadda ke rubuce.

Na biyu, kayan aiki. Notinan motar nan da inci aka auna su, ba da milimita ba. Sifana mai lamba 7/16 da 1/2 da 9/16 su ne abokan tafiya. Yaran gareji sukan kawo lamba 13 su sa a kan notin rabin inci, ta shiga kamar ta yi daidai, ana ja biyu kan notin ya mulmule. Wanda ke Legas ya nemi saitin inci a kasuwar Ladipo, na Gabas kuma a Nkpor ko Nnewi. A haɗa da ma'aunin tsakani mai siraran ƙarafa, wanda kanikawa ke kira fila-geji, da bindigar giris, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Kada wanda ya shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

To, zafi. Nan ne maganar take a wurinmu. An yi motar nan don ƙasa mai sanyi da yayyafi, ga ta kuma a Jimeta, inda a watan Maris da Afrilu ma'auni ke haura digiri 40. Lagiretonta ƙarami ne. Abin da kanikawanmu suka saba yi wa kowace mota mai zafi shi ne su cire tamostat su jefar. A wannan injin kuskure ne. Idan babu shi ruwa yakan taƙaita zagayensa a gaban injin, silinda ta baya ta riƙa gasuwa, allurar zafi kuma tana nuna maka lafiya lau, sai ranar da gaskit ya ƙone. Akwai tamostat na ƙasashe masu zafi da ke buɗewa a digiri 74, shi ake sa wa maimakon na 82 ko 88.

Sauran maganin zafi ba boyayye ba ne. A kai lagireto wurin masu gyaransa su buɗe su zuƙe kowane bututu, in ya ci a sake masa ciki mai layi fiye da na asali. Cikin injin ma a wanke, don tsatsar shekaru kan taru a bayansa kamar laka. Ruwan rijiya ko na bohol zalla ba ya yi, yana barin gasa. A haɗa ruwa mai tsabta da ruwan sanyaya injin na kwalba. Fanbel kada ya yi sako-sako, in ka danna shi da yatsa ya lotsa kamar rabin inci. Ni na ƙara mata fankar lantarki a gaban lagireto, ina kunnawa idan na shiga cunkoson keke Napep wajen babbar kasuwar Jimeta. A buɗaɗɗiyar hanya, kamar ta Numan ko in an haye gada an nufi Girei, iska kaɗai ta ishe ta.

Akwai wani ciwon zafi da ke ruɗa mutane. Ka yi tafiya, ka tsaya sallah, ka dawo ta ƙi tashi, bayan rabin awa kuma ta tashi kamar ba ita ba. Ba aljanu ba ne. Kafiretocinta biyu ne ƙirar SU, suna zaune daidai saman bututun hayaƙi, zafi ke tafasa fetur a cikinsu. Tsakaninsu akwai farantin kariya mai shafi a bayansa. Sau da yawa wani ya cire shi bai mayar ba, ko shafin ya zube. A mayar da shi, a kuma janye tiyon mai daga jikin ƙarfe mai zafi.

Su kafiretocin nan ba su son yawan taɓawa. A saman kowace akwai murfi mai dogon tsinke. Ka kwance, ka ɗiga baƙin mai kaɗan har ka ji tsinken na turjiya idan kana mayarwa. Idan man ya ƙare, mota kan yi tari in an taka totur. Amma kafin ka zargi kafireta, duba wuta, domin yawancin abin da ake ɗora mata laifin filatinan ne. Tsakanin bakin filatinan a cikin distiributa inci 0.015 ne, na fulogi inci 0.025, fulogin kuwa NGK BP6ES yana yi. Tsakanin bawul inci 0.012 ne, injin a sanyaye. Wuta na bin silinda 1, 3, 4, 2, ana ƙirga daga gaba. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi ya riƙe rabin gyaran motar. A aljihun ƙofa kullum ina da filatinan da kwandansa na ko-ta-kwana. Famfon mai na lantarki ne, yana can baya kusa da tanki. In ka murza makulli za ka ji yana ƙas-ƙas. Idan shiru, ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba, zai kai ka gida, amma ya gaya maka ke nan lokacin gyaransa ya yi.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba ta biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu nakan duba matatar iska duk bayan mako biyu. Baƙin mai 20W-50 take sha, lita huɗu ba kaɗan, kuma nakan canza shi da matatarsa duk kilomita 3,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Allurar ƙarfin mai ta nuna tsakanin 40 da 70 idan ana tafiya, wajen 20 idan tana tsaye da zafinta. Ga wani abin da ke ba kanikawa mamaki: akwatin giyar 1275 shi ma baƙin man injin ake zuba masa, ba man giya mai kauri ba. Mai kaurin, lamba 90, na aksul ɗin baya ne. Ƙafafun gaba kuwa suna da nonon giris da dama, kuma in sun bushe ƙura ta shiga, ƙarfe ke cin ƙarfe har taya ta fara rawa. A hanyoyinmu, giris duk wata bai yi yawa ba.

Fetur ɗin da ake sayarwa yanzu ba shi da dalma, alhali kan injin nan an yi shi ne don mai dalma. Yawon cikin gari ba ya cutar da shi da wuri, amma doguwar tafiya da gudu tana cinye mazaunin bawul. Ranar da aka sauke kan injin don wani dalili, a sa masu injin gyaran ƙarfe su dasa masa mazauni mai tauri, a huta.

Ku mutanen Kudu, taku matsalar daban ce. A Adamawa rani kan busar da komai, jikin mota ya daɗe, roba da tamfol ne ke tsagewa. A Legas da Warri da Kalaba kuwa danshi da iskar gishiri ke cin ƙarfe. Midget ba ta da shasi daban, jikin ne ke ɗauke da kansa, ƙarfinsa kuma yana cikin dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin kowace ƙofa. Idan ya ruɓe motar kan lanƙwashe a tsakiya. Ka buɗe ƙofa ka rufe. In tana gogar jiki ta sama, alama ce mara kyau. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka caka sukudireba a daɓen, ka duba inda sifirin baya ya kama jiki, ka bi gefen mota da maganaɗisu don gano inda aka cika da bodi-fila aka shafe da fenti. Injin da ya kwanta shekara 20 yana tashi. Jikin da ya ruɓe a waɗannan wurare kuwa sai mai walda na gaske, kuma kuɗinsa na iya fin na motar.

Wutar motar ƙirar Lucas ce, wadda Turawa ke yi wa ba'a, amma a ganina dattin mahaɗar waya ne yawancin laifinta. Launin wayoyin yana da ma'ana: mai ruwan ƙasa kullum da wuta a cikinta, fara na makulli ce, koriya ta bi ta fis, baƙa ta jikin mota ce. Ka hana rewaya yanke su yana ɗaura duk wayar da ya samu. A lura kuma, waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 1967 kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin mota, akasin motocin yau. A duba kafin a ɗaura batir.

Birki ba wurin tsimi ba ne. Da yawansu layi ɗaya ne ke kai mai ga tayoyi huɗu, tiyo ɗaya ya fashe birki ya tafi gaba ɗaya. Duk motar da ta daɗe a ajiye, a canza tiyoyin roba da robobin famfon birki da man, DOT 4, kafin ta taka titi. Taya mai inci 13 take sawa, ana samu a kasuwa.

Kayan gyara ba su yi wuyar da ake zato ba. A Ingila kamfanoni irin su Moss Europe da Rimmer Bros suna sayar da kusan kowane yanki, Burlen na ƙera kayan SU har yau, British Motor Heritage ma na buga sabon jiki. Wahalar tana wajen canjin kuɗi da kuɗin aikowa da kwastan. Ni nakan tara buƙatu in yi oda sau ɗaya a shekara, ƙananan abubuwa kuma in roƙi mai dawowa daga Landan ya saƙa a jaka. Littafin gyara na Haynes ya cancanci kuɗinsa ko don hotunan.

Za a ba ka shawarar ka cire injin ka dasa na Toyota ko Nissan. Mota taka ce, amma ka sani darajarta a wurin masu neman irinta tana cikin kasancewarta yadda aka ƙera ta, kuma injin asalin ya fi kowane sauƙin gyara a tsakar gida.

Ƙasanta bai fi inci biyar daga ƙasa ba, salansa na gogar kowane tudun rage gudu, don haka a karkace ake hawansu. Da damina ba na fitar da ita in ruwa ya kwanta a titi, domin distiributa na jiƙewa ta mutu a tsakiyar hanya. Masu zama kusa da Binuwai sun ga yadda ruwa ya shiga unguwanni a 2012 da 2022. Daga Agusta nakan kai ta gidan ɗan'uwa a kan tudu, in cire kan batir, in ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe, in toshe bakin salansa da tsumma saboda ɓeraye. Duk mako biyu nakan je in tashe ta ta yi zafi sosai, in taka kuloci da birki sau da yawa don kada su kafe.