Tsakanin So da Buƙata: Rikicin Rigakafin Shan-inna a Kano

Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa dole ne ya rataya ga maslaha, wato abin da ke jawo musu amfani ko ya kawar musu da cuta, ko da ransu bai so ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake gane wannan maslaha, kuma rikicin rigakafin shan-inna a Kano ya isa misali.

A shekarar 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗiga wa yara maganin, bayan jita-jita ta bazu cewa an gauraya shi da sinadarin hana haihuwa, kuma ba a ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indonesiya. Gwamnati ta bi abin da jama'a da yawa ke so, sakamakon kuwa ya yi muni, domin cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da tuni suka rabu da ita, har Sudan da Yaman, yara masu yawa suka shanye.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya ce jahilci ne kawai ya ruɗi mutane bai yi musu adalci ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, aka rasa 11 daga cikinsu, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Bayan haka akwai tambayar da magidanta suka riƙa yi wa ma'aikata a ƙofar zaure: me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigon shan-inna kyauta, alhali uwar da ta kai ɗanta asibiti da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro rubuta mata magani ake yi ta je ta saya? Wannan tambaya ce mai nauyi, domin a cikin abin da ake ɗauka son rai ne akwai wata buƙata ta gaskiya da hukuma ta yi wa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka dakatarwar kuskure ce, amma tilas ma da ba ta haifar da ɗa mai ido ba, tunda ba mai iya ɗiga magani a bakin yaron da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki. Al'amarin ya gyaru ne lokacin da sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, da malamai da masu unguwanni suka shiga aikin, aka kuma riƙa haɗa rigakafin da duba marasa lafiya da ba su magani. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, shekara huɗu bayan ganin ta ƙarshe a jihar Borno.